Gashin da Aka Yanke Mini a Yendi

Da gashin dada na taso a Salaga. Haka Yarbawan zangonmu suke kiran gashin da ke murɗe kansa ya zama igiya-igiya ba tare da kowa ya kitsa shi ba, mu ma muka ari sunan a bakinsu. An yi mini askin suna kamar kowace jaririya, amma da ya sake tsirowa sai ya fito a nannaɗe. Mma, mahaifiyata ke nan, ta ce sau uku tana sa mini mataji. Duk ranar da ta sa sai in wuni ina tsala kuka, fatar kaina ta yi jawur, kafin kwana biyu kuma gashin ya koma yadda yake. Daga nan ta ajiye matajin, ta ce ita ta daina kokawa da halittar Allah.

Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da zare da allura a layinmu ita ta koya mata yadda ake riƙon irin wannan gashi, don biyu daga cikin 'ya'yanta da shi suka girma. Abin da ta koya mata babu tsafi a ciki, babu wani sirri. Aiki ne kawai mai cin lokaci.

Alhamis ce ranar kaina. Salaga gari ne mai rijiyoyi da yawa, amma ruwansu ba kullum yake da kyau ba, musamman da rani in ya ja baya ya koma ja. Saboda haka tun Laraba Mma take ɗebo nawa, ta zuba a wata randa daban ya kwanta, da safe ta tace shi da farin ƙyalle. In ta gama sayar da koko da ƙosai, hantsi ya ɗaga, sai ta kira ni. Ba ta goga mini sabulun salo kai tsaye. Takan narkar da shi a ruwan ɗumi ta tace, don ta ce ɓurɓushinsa in ya shige cikin igiyar gashi ba ya fitowa. Fatar kai take bi da tafin yatsu, ba da farce ba, layi bayan layi, daga goshi har ƙeya. Sannan ta yi ta ɗauraya har sai ruwan da ke sauka a daro ya fito garau. A ɗauraya ta ƙarshe takan matse lemon tsami guda ɗaya a ruwan.

Bayan wannan sai abin da na tsana, wato shanya. Takan kama igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ta matse su cikin tsohon zane, sannan ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, in juya wa rana baya. Ina jin ƙawayena suna wasa a waje, ni kuwa ina zaune. In na ce ya bushe, sai ta zo ta kama wata igiya mai kauri da ke can ƙeyata, ta matsa ta a kumatunta. In ta ji sauran sanyi a ciki sai ta ce, “Koma ki zauna. Wajen ne ya bushe, cikin da saura.” In ya bushe sarai sai ta sa yatsa ta raba gindin kowace igiya da maƙwabciyarta don kada su haɗe su ja fata. Man kaɗanya kuwa ɗan kaɗan take lakato, ta shafa a fatar da ke tsakani. Ba ta laɓta shi a jikin gashin, ta ce mai a jikin igiya ƙura yake kamawa.

Har na kai shekara tara ban san ƙaiƙayin kai ba. Ban taɓa yin kwarkwata ba, alhali 'yan matan layinmu masu kitso ana zama ana tsince musu ita kowane mako. Ina son a riƙe wannan, saboda abin da aka faɗa a kaina daga baya.

Magana kam akwai. Wasu mata sukan ja 'ya'yansu gefe in na wuce, su ce 'yar iskoki ce. Mma takan amsa musu da cewa iskokin ba su taɓa ɗebo mata ruwa ko guga ɗaya ba. Ni ban damu sosai ba, don a gida ba a taɓa nuna mini cewa akwai abin kunya a kaina ba.

Baba fataucin goro yake yi. 'Yan shekaru bayan ƙasarmu ta sami mulkin kai, ya yanke shawarar mu koma Bawku, inda kasuwa ta fi tafiya. Sai dai bai sami wurin zama mai kyau ba tukuna, ɗaki ɗaya ne wani abokinsa ya ba shi, ga ƙanena yana goye. Ni kuma na yi shekara biyu a makarantar boko. Sai ya ce a bar ni a Yendi wurin yayarsa, wadda muke kira Goggo, in ci gaba da karatu har su zauna da gindinsu. Mijinta malami ne sananne a zangon Yendi, kowa Malam yake ce masa. Mma ba ta so ba, amma ba ta da hujjar da za ta ƙi.

Muka kwana biyu a Yendi kafin su wuce. Ranar tafiyarsu Mma ta durƙusa a gaban Goggo ta ce, “Yaya, ga 'yarki nan. Abu ɗaya nake roƙo, kada a sa mata aska ko almakashi a kai. Ta iya wankewa da kanta, na koya mata. A dai bar ta ta zauna a rana har ya bushe.”

Goggo ta dubi kaina ta taɓe baki. “Shekara tara kina barin yarinya da wannan kaya a ka. Ke ko nauyin idon mutane ba kya ji?”

Baba ya yi dariya, ya ce mata su sha'aninsu sai su. Goggo ta ce, “To, na ji. Ba zan yanke ba.” Mma ta bar mini ƙullin sabulun salo da ɗan gwangwanin man kaɗanya, suka hau mota.

Alhamis ta farko na dawo daga makaranta, na tace ruwana, na wanke kaina yadda aka koya mini, na ɗauko kujera na zauna a tsakar gida. Ban daɗe ba Goggo ta fito daga madafa.

“Me kike yi nan?”

“Shanya kai nake yi, Goggo.”

“A gidan wa? Nan gidan malami ne. Mutane suna shigowa neman addu'a, matan unguwa suna shigowa ɗaukar karatu. Su zo su tarar da yarinya a tsakar gida da kai irin na 'yan bori? Tashi.”

Ta ɗauko ɗankwali mai kauri ta ɗaure mini kai tamau, ruwa yana bin wuyana. Ta ce daga yau in za ki wanke ki wanke a makewayi, ki ɗaure kafin ki fito, kada in ƙara ganinsa a buɗe. Na ce Mma ta ce in bai bushe ba ciwo zai kawo. Ta ce Mma tana Bawku.

Damina ce. Kwana uku gashin bai bushe ba. A makaranta dokar ita ce 'yan mata su aske kai ƙasa-ƙasa, amma Malam ya yi wa Hedimasta magana, aka yarda in riƙa zuwa da ɗankwali. Na ɗauka gata aka yi mini. Abin da ya haifar shi ne kaina ya daina ganin rana da iska gaba ɗaya. A gida a ɗaure, a makaranta a ɗaure, in na kwanta ma a ɗaure, don ɗaki ɗaya muke kwana da 'ya'yan Goggo mata biyu, kuma ta ce kada su gani su tsorata.

Kafin wata ya ƙare ya fara wari, irin warin jiƙaƙƙen zane da aka manta a daro. Sai ƙaiƙayi. Na roƙi Goggo ta bar ni in shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, ta ce katangar wajen gajera ce. Wata rana na ji Malam yana ce mata shi bai ga laifin gashin a addini ba, muddin ruwa yana kai wa fata, kuma ya kamata a bar yarinya ta sha iska. Ta ce masa shi littafi yake kallo, ita kuwa ita ke zuwa bakin rijiya tana jin abin da mata ke faɗa. Ya koma zaure. Bai sake ɗaga maganar ba. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, ya kuma san gaskiya ya faɗe ta sau ɗaya. Har yau in na tuna da shi raina yakan ɓaci, don kalma ɗaya ta biyu daga bakinsa da ta wadatar.

Na nemi dabara. A hanyar dawowa daga makaranta akwai wani mangwaro a bayan gonar rogo, sai in tsaya nan in kwance ɗankwalin in baza gashin na ɗan lokaci. Sau huɗu na yi. A na biyar wata maƙwabciya mai neman itace ta gan ni, kafin in iso gida labari ya riga ni. Goggo ta zane ni da tsumagiya, ta ce ina son in tona mata asiri a gari.

'Ya'yanta suna da kwarkwata tun kafin in zo, na sha ganin ana tsince musu. Da ta shiga kaina sai aka juya magana, aka ce daga dajin da ke kaina ta fito ta kama su. Goggo ta ce za ta yi maganin abin. Ta narkar da man kaɗanyar da Mma ta bar mini gaba ɗaya, ta zuba kananzir a ciki, ta laɓta mini tun daga fata har bakin igiyoyi, ta mayar da ɗankwali ta ɗaure. Wuraren da na sosa har suka fashe suka ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Na yi kuka na ce ta bari in wanke, ta ce zafin shi ne maganin. Bayan kwana biyu fatar ta tashi, ta yi ƙuraje masu ruwa. Sau uku ta shafa mini wannan haɗi. Daga nan na daina wankewa ma, don ruwa da sabulu in sun taɓa wurin sai in ji kamar zan suma.

Ana cikin haka aka kawo mana sabuwar malama daga kudu, muna ce mata Madam. Doguwa ce, mai tsabta, farar rigarta kullum a goge. Kowace Litinin in mun yi layi da safe akan duba farce da haƙora da kunnuwa. Wannan Litinin ɗin Hedimasta ya tafi Tamale, ita ce ke dubawa. Da ta iso kaina ta nuna ɗankwalin ta ce da Turanci in cire. Na ce Hedimasta ya yarda. Ta ce ba Hedimasta ke tambayata ba. Na riƙe kaina da hannu biyu. Sai ta fizge. Ƙyallen ya manne da ciwon, ya taho da ɓawon, na ji wani abu mai ɗumi yana bin bayan kunnena.

Ta ja da baya ta toshe hanci da hankici. Yaran da ke kusa da ni suka watse. Ta sa aka kawo benci, ta zaunar da ni a gaban makaranta duka, ta aika a ɗauko almakashin ɗakin ɗinki. Ta fara yanka. Almakashin ba shi da kaifi sosai, igiyoyin kuma suna da kauri, sai ta ja ta datsa, ta ja ta datsa, duk jan da ta yi a kan ciwo yake sauka. Ban yi ihu ba. Ina kallon ƙafafuna, ina ganin gashin yana faɗuwa a kansu.

Da ta yi rabi sai ta ɗaga igiya ɗaya sama da bakin almakashin, ta yi wa yara jawabi. Ta ce a garinsu bokaye da mahaukata ne kaɗai ke yawo da irin wannan. Ta ce wannan shi ne sakamakon ƙazanta da duhun kai, wanda ba ya wanke kansa haka zai ƙare. Ta sa yara suka maimaita wata jimla a kan tsabta sau uku. Da ta gama ta ba ni tsintsiya ta ce in share, in kai bola a ƙona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. Mace mai ilimi ta ga yarinya 'yar shekara tara da kai duk ciwo, ba ta ce wa ke kula da ke ba, ba ta ce yaushe ya fara ba, ba ta ce me aka shafa miki ba, alhali warin kananzir yana tashi. Da ta tambaya da na gaya mata cewa na fi duk yaran da ke layin nan sanin yadda ake wanke kai. Wataƙila gashin a yadda ya lalace sai an yanke shi kafin ciwon ya warke, wannan ban musa ba. Ana iya yanke shi a ɗaki, a hankali, bayan an aika wa uwata. Ita darasi take nema, ta same ni.

Gaskiya guda zan faɗa a kan Madam. Ta rubuta takarda ta ce in kai ɗakin shan magani. Can aka wanke ciwon, aka shafe mini kai da maganin nan mai launin tawada. Ɗankwalina kuwa ta sa an ƙone shi tare da gashin. Haka na ratso gefen kasuwa da tsakar rana, kai a buɗe, wani wuri tsibi wani wuri fili, shuɗi kamar an tsoma ni a marina.

Goggo tana tankaɗe na shigo. Ta dube ni, ta ajiye rariya, ta ce, “Wa ya yi miki?” Na ce Madam. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, “To, alhamdu lillahi. Ni dai ba ni na yanke ba. Alkawarina yana nan.” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Wata mata 'yar Salaga mai kai daddawa Bawku ta gan ni ranar a bakin kasuwa, ta kuma gane ni. Ita ta kai wa Mma labari. Kwana biyar bayan haka, da la'asar, sai ga Mma ta shigo da ƙanena a goye, ƙafafunta duk jar ƙasar hanya. Ta gaida Goggo gaisuwa cikakkiya, ta tambayi Malam, ta sha ruwan da aka kawo mata. Sannan ta ce in zo. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta juya kaina gefe da gefe, ta sunkuya ta shinshina. Ta tambaye ni a hankali, sau nawa nake wankewa, ina nake shanyawa, me aka shafa mini. Na faɗa mata duka, Goggo tana zaune tana ji.

Mma ta ce, “Yaya, kananzir kika sa mata?”

“Kwarkwata ce ta cika ta. Kowa da shi yake yi.”

“A kan ciwo?”

“Ke kika jawo. Da kin aske mata tun tana ƙarama kamar 'ya'yan mutane da duk wannan bai faru ba. Gashin ne ya ruɓe.”

“Shekara tara yana hannuna bai ruɓe ba. Wata huɗu ya yi a hannunki. Rana kawai na roƙa mata, Yaya. Rana ba taki ba ce, ba sai kin saya ba.”

Goggo ta miƙe ta ce a cikin gidanta matar ƙanenta za ta zo ta ci mata mutunci. Mma ta ce ba cin mutunci ta zo yi ba, ɗaukar 'yarta ta zo yi. Malam ya leƙo daga zaure ya ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Mma ta ce masa, “Malam, na ji labari ka taɓa faɗin gaskiya sau ɗaya. Na gode da wannan ɗayan.” Ya sunkuyar da kai.

Washegari ta kama hannuna muka tafi makaranta. Hedimasta ya dawo. Mma ba ta jin Turanci, Madam ba ta jin Hausa sai 'yar kaɗan, shi ya tsaya a tsakani. Mma ta ce ya tambaye ta ko tana da 'ya. Madam ta ce tana da ɗaya a kudu wurin kakarta. Mma ta ce ya tambaye ta, in aka zaunar da 'yar a gaban gari aka yi mata haka, aka ce uwarta ƙazama ce, me za ta yi. Na lura Hedimasta ya sassauta maganar da ya juya ta, don Turancina ya kai in gane. Madam ta ce ita doka ta bi, kuma lafiyar sauran yara ta duba. Mma ta ce, “Ka gaya mata dokar ta ce a yanke gashi. Ba ta ce a ɗaga shi sama a nuna wa yara ba. Wannan nata ne.” Wannan bai juya ba sam. Ya ce wa Mma za a duba lamarin. Muka fito, ban sake taka makarantar ba.

Muka hau motar Bawku. Hanya ba kyau, ga ruwan sama ya cinye ta, muka wuni muna tafiya. A hawan dutsen Nakpanduri sai da aka sauke mu muka taka da ƙafa. Mma ta yafa mini wani siririn mayafi sako-sako don ƙuda, ta hana ni ɗaurewa. Jefi-jefi takan tambaye ni ko ina jin ƙishirwa.

Na ɗauka in Baba ya ga kaina zai tashi. Ya duba, ya ce sannu, ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya juya ga Mma.

“Kin tafi ba da izinina ba, kin je kin ɓata tsakanina da yayata. Gashi ne fa. Zai sake fitowa.”

Mma ta ce, “Dubi fatar, ba gashin ba.”

Ya ce yayarsa ta riƙe ni da zuciya ɗaya, ta ciyar da ni wata huɗu, kuskure kuma kowa yana yi. Ya ce shi ma tun farko bai ga amfanin barin gashin ba. Ina tsaye a wurin. Ban taɓa jin haushin mutum irin wanda na ji na Baba a wannan rana ba, har ya fi na Madam, don ita ba ta san ni ba. Shi kuwa ya sha dawowa daga kasuwa ranar Alhamis ya tarar da ni a kujera a rana, ya shafa kaina ya ce ƙamshin lemo nake yi.

Jinyar ta ɗauki kusan wata biyu. Mma ta sa wanzami ya daidaita sauran tsibin gashin da almakashi, ta hana shi sa aska. Kullum da safe takan tafasa ruwa ta sa gishiri kaɗan, ya huce, ta wanke ciwon da auduga. Sau biyu a mako tana kai ni asibiti a shafa maganin tawada. Ba ta sa mai ko ɗigo ba sai da kowane ƙurji ya bushe ya zubar da ɓawo. Ta ce in zauna a inuwa kai a buɗe, duk wanda ya kalle ni in kalle shi. Fatar ta warke, sai wuri biyu da gashi bai ƙara fitowa ba, ɗaya a saman kunnen hagu, ɗaya a tsakiyar ka. Har yanzu suna nan, santsi kamar tafin hannu.

Sauran ya tsiro, ya kuma fara murɗewa kamar da. Mma ta tambaye ni ko ina so a riƙa aske shi, ta ce yanzu na yi wayo, kaina ne. Na ce a bar shi. Ba don ina ganin kyansa na faɗa ba, haushi ne ya sa. Ina so duk wanda ya ce ƙazanta ce ya zo ya duba.

Da lokacin komawa makaranta ya yi, Mma ba ta jira a kira ta ba. Ta wanke mini kai, ya bushe, ta kai ni gaban hedimastan makarantar Bawku, wani dattijo ɗan ƙabilar Kusasi mai jin Hausa sosai. Ta buɗe gashin ta ce ya duba fatar da idonsa, ya kuma duba kowace Litinin in yana so. In ya sami kwarkwata ɗaya ko ya ji wari, ita da kanta za ta aske. Ya duba, ya tambayi tabon nan biyu, ta ba shi labari a taƙaice. Ya ce in riƙa tattara shi baya da zare, kada in rufe. A haka na gama makarantar.

Bayan shekara biyu Goggo ta zo Bawku sunan ƙanwata. Ina kawo mata ruwa ta miƙo hannu za ta taɓa kaina, tana murmushi, ta ce, “Ashe abin naki ya dawo.” Na kauce, na ajiye kwanon a ƙasa maimakon in miƙa mata, na fita. Baba ya gani. Ya kira ni a gaban baƙi ya ce in durƙusa in ba yayarsa haƙuri. Na dubi Mma, tana riƙe da jaririya, ta kawar da kai, don ranar ba ranar rigima ba ce. Na durƙusa na ce, “Goggo, ki yi haƙuri.” Ta ce ba kome, yaro ne.

Baba ya rayu shekaru da yawa bayan haka, kuma yakan ba da labarin a matsayin abin dariya, yadda matarsa ta hau mota ta tafi yaƙi har Yendi saboda gashi. In ya fara sai in tashi in bar wurin. Na yi masa biyayya, na yi jinyarsa da ya tsufa, na kuma je gaisuwar Goggo da ta rasu na yi mata addu'a da gaske. Amma a cikinsu babu wanda ya taɓa ce mini an yi mini ba daidai ba, kuma ni ce aka sa na ba da haƙuri.